An ba ni shugabancin kicin a Makka, amma ni da ma'aikatana duk gwiwarmu ta yi sanyi

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne ɗan shekara 36, ina aiki a wani kicin da ke dafa wa alhazai da masu Umara abinci a Makka. Shekara shida ina kan tukunya, sai wata biyu kafin Azumin da ya wuce aka naɗa ni mushrif, ina kula da mutum 14. Tara Hausawa ne daga Najeriya da Nijar da Sudan, uku 'yan Bangladesh, biyu 'yan Yaman. Da farko komai lafiya. Lokacin Hajji mun yi aiki ba dare ba rana, mudir, wato manajanmu, ya ce in gaya musu za a biya kuɗin ƙarin awanni da zarar alhazai sun tafi, ni kuma na faɗa musu da bakina. Yau wata uku ke nan shiru, albashi ma sai ya yi kwana goma kafin ya shigo. Yanzu kowa jan ƙafa yake yi. Ana makara, mota tana jiran abinci, otal biyu sun kawo ƙara. Wani dattijo a cikinmu, wanda shi ya koya mini aikin nan, in na yi magana sai ya yi kamar bai ji ba, yara kuma shi suke kallo. Na yi nasiha, na yi faɗa, har na fara yanke wa mai makara kuɗin rabin yini, abin sai ƙara lalacewa yake yi. Mudir ya ce ni ne ban iya riƙe mutane ba. Ni kaina na gaji. Da asuba ba na son fita, barcina bai wuce awa huɗu, maiɗakina ta ce na zama mai saurin fushi. In ajiye muƙamin in koma kan tukunyata, ko akwai yadda zan dawo da karsashina da nasu?

Wani ɗan'uwa daga Makka

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da ɗawainiya, ɗan'uwa. Wanda ya fito daga aikin Azumi ya faɗa aikin Hajji, a cikin kicin, a zafin Makka, da mutum 14 a wuyansa, idan ya ce ya gaji ba mai ce masa rago. Amsar tambayarka a gajarce ita ce: kada ka ajiye muƙamin a wannan watan. Mutumin da ke barcin awa huɗu bai cika yanke hukunci daidai ba. Ka ba abin mako shida, ka gwada abin da zan faɗa maka, sannan ka zaɓa da hankalinka a kwance.

Mu fara da ma'aikatan. Waɗanda ke jan ƙafa yau su ne dai suka tsaya da kai a kwanakin Hajji. Ba a sauya su ba, kuma ruwa ba ya tsami banza. Sun yi aiki ba a ba su haƙƙinsu ba, alkawarin kuwa daga bakinka ya fito. Ba su ji mudir yana faɗa ba, kai suka ji. Don haka a zuciyarsu kai suke bi bashi, ko ba su furta ba. Sai ga wanda suke bi bashi ya dawo yana yanke musu kuɗin rabin yini a kan makara. Ka tuna cikinsu akwai wanda mahaifiyarsa ke jiran aike a Maraɗi, akwai wanda yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya tarwatsa masa gida, nauyin kowa ya dawo kansa. Nasiharka ba ta shiga ba ne domin mai bin bashi abu ɗaya yake saurare, ranar biya.

Masana harkar ma'aikata sun daɗe da lura da haka. A 1959 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Frederick Herzberg, da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon tambayoyin da suka yi wa injiniyoyi da akantoci kusan 200. Abin da suka gani shi ne, abubuwan da ke ɓata wa ma'aikaci rai daban suke da waɗanda ke sa shi zage damtse. Albashi, tsarin kamfani, yanayin wurin aiki da mu'amalar shugaba, idan suka lalace rai ya ɓaci. Idan aka gyara su ɓacin rai ya tafi, amma gyaran kaɗai ba ya kawo himma. Himma daga yabo take zuwa, da ba mutum amana, da ganin aikinsa ya yi kyau, da ganin yana ci gaba. An yi ta muhawara a kan binciken, amma ya yi daidai da kicin ɗinka: kana neman na biyu alhali na farko bai zauna ba.

To, tun daga gobe ka daina yankan kuɗin nan. Ban da zafin da yake ƙarawa, yana iya jawo maka matsala kai kanka. A dokar ƙwadago ta Saudiyya, tara ba abu ba ce da mushrif zai ƙirƙira ranar da ransa ya ɓaci. Sai laifin da hukuncinsa suna cikin doka ko rubutattun ƙa'idojin kamfani, an sanar da ma'aikaci laifinsa, an saurari uzurinsa, an rubuta. Tarar laifi ɗaya ba ta wuce kuɗin kwana biyar, kuma kuɗin tara rajista ta musamman ake shigar da su, a kashe su a kan amfanin ma'aikata. Idan abin da ka yanke bai bi wannan hanya ba, ka rubuta sunaye da adadi, ka kai wa akanta a mayar musu a albashi mai zuwa. Ka faɗa a gaban kowa, a taƙaice: "Yankan da na yi bai dace ba alhali kuna bin kuɗinku. Na nemi a mayar." Girmanka ba zai zube ba. Wannan ne abu na farko cikin wata uku da zai nuna musu ka san abin da ke damunsu.

Daga nan ka mayar da kuɗin ƙarin awannin nan lissafi a takarda. Muddin a baki yake yawo, "bukra in sha Allah", wato sai gobe, za ka yi ta ji. Doka ta sa aiki awa takwas a rana ko 48 a mako, a Azumi kuma shida a rana ko 36 a mako ga Musulmi. Duk awar da ta haura haka, ladanta kuɗin awa ɗaya ne da ƙarin rabin kuɗin awa na ainihin albashi, kuma aikin da aka yi a ranakun hutun Idi gaba ɗayansa ƙarin awanni ne. Ɗauki mai albashin riyal 1,800 marar alawus: a raba gida 30, riyal 60 a rana, a raba gida takwas, riyal 7.5 a awa. Ƙarin awarsa ta zama riyal 11.25. In ya yi ƙarin awa biyu kullum har kwana 30, yana bin riyal 675. Ka tattaro shaida daga na'urar dangwala yatsa ko rajistar shiga da fita, da takardun fitar mota, da saƙonnin WhatsApp na lokacin. Kowa ya duba nasa ya sa hannu. Ka kiyayi ƙara wa wani awa ko ɗaya don tausayi, domin in aka kama ƙari a layi ɗaya, mudir ya samu hujjar watsar da takardar gaba ɗaya.

Shi ma mudir a duba uzurinsa. Kicin irin naku sai kamfanonin jigilar alhazai da otal-otal sun biya kafin kuɗi su shigo, kuma ragowar kuɗin Hajji kan yi jinkiri. Wataƙila shi ma mai kamfani yana kansa. Wannan bai halatta riƙe gumin mutane ba, amma ya nuna maka harshen da zai ji. Kada ka tare shi a ƙofar kicin ana ɗora abinci. Ka nemi minti 15 a ofis, ka shiga da takarda biyu. Ta farko jimlar bashin. Ta biyu asarar da jinkirin ke jawowa: ƙarar otal biyu, ranakun da mota ta makara, abincin da aka dawo da shi. Ka nuna masa rasa kwangilar otal ɗaya ya fi bashin nan tsada, kuma idan ƙwararren kuku ya tafi, kuɗin kawo wani da iƙamarsa (katin izinin zama a ƙasar) da lasisin aikinsa duk a wuyan kamfani doka ta ɗora su, ban da watannin koyo. Sai ka miƙa masa mafita kafin ya ce babu kuɗi: a biya kashi uku a wata uku, kowane kashi da ranarsa, a fara da masu ƙaramin albashi, a kuma tsayar da ranar albashi guda da kowa zai sani. Ka nemi a rubuce, ko da saƙon waya ne daga gare shi. Abin da ya fi, ya shigo kicin da kansa ya faɗa. In ya ƙi duka, ka gaya masa cikin ladabi cewa daga yau ba za ka ƙara isar da alkawarin kuɗi ba sai wanda ke rubuce. Maganarsa cewa ba ka iya riƙe mutane ba kuwa, kada ka tsaya kare kanka. Takardun nan biyu sun isa amsa.

Duk abin da ya fito daga zaman, ka kawo wa mutanenka shi yadda yake, ko daɗi ko ɗaci. "Na kai, ga abin da ya ce, zan koma ranar Lahadi" ya fi musu amfani da "ku yi haƙuri, ana nan ana ƙoƙari". Kuma kada ka ɓoye musu cewa akwai hanyar hukuma. Ma'aikatar da ke kula da ƙwadago tana karɓar ƙorafi ta lamba 19911, akwai zaman sulhu da ke ɗaukar har kwanakin aiki 21, in bai yiwu ba a wuce kotun ƙwadago. Albashi ta banki yake bi ƙarƙashin tsarin kare albashi, don haka jinkirinsa ba ɓoyayye ba ne a wurin hukuma. Kowa ya buɗe Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago, ya tabbatar kwantiraginsa na nan, kuma adadin da ke ciki shi ne wanda ake ba shi. Ba lallai ka zama jagoran ƙara ba, amma kada ka tsoratar da wanda ya zaɓi zuwa. In a cikinsu akwai wanda takardunsa ba su cika ba, shi ya fi buƙatar ka tsaya masa, don ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, bai ware mai iƙama da marar ita ba.

Yanzu dattijon. Ina ganin a nan rabin matsalar take, kuma a nan gyara ya fi sauƙi. Mutum ya koya maka yadda ake tsame shinkafa a tukunyar mutum ɗari, ya wayi gari kai ke rubuta masa lokacin shigowa. Ko zuciyarsa fes take, sai ya ji wani abu. Ƙila ya sa ran shi za a naɗa. Ƙila ba ya son muƙamin, amma ya so a ce an shawarce shi. Ƙila kuma wata rana cikin zafin aiki ka ɗaga masa murya a gaban yara, kai ka manta, shi bai manta ba. Shirun da yake yi ba lallai raini ba ne, yana iya zama hanyar da ta rage masa ta tsare mutuncinsa.

Kada ka kira shi ofis, kada ka aika yaro. Ka same shi a masauki bayan Isha, ko ku fito daga masallaci tare, ka zauna ƙasa da shi yadda kake yi kafin a naɗa ka. Ka ce, "Baba, kai ka koya mini aikin nan, kuma na ga kamar na ɓata maka. In akwai inda na yi ba daidai ba, ka faɗa mini." Sai ka yi shiru, ka bar shi ya gama, ko da rabin abin da zai faɗa ba ka yarda da shi ba. Kada ka warware komai a daren. Bayan kwana biyu ka dawo da abu a hannu: ka ba shi wani ɓangare ya zama nasa ɗungurungum. Ɗanɗanon abinci, misali, ba tukunyar da za a sauke sai ya ɗanɗana ya amince, kuma koyar da sababbi a hannunsa yake. Ka sanar da haka a gaban kowa, kuma ka tsaya a kai, ranar da ya ce miya ba ta yi ba, kai ma ka jira. A madadin haka ka roƙe shi abu ɗaya: in yana da ja da umarninka, ya ja ka gefe. Abin da ke lalata wannan dabara shi ne a ba mutum suna a riƙe iko. Dattijo yana gane girmamawar baki tun daga nesa. Idan kuma ka yi duk wannan, wata ya wuce yana ci gaba da juya maka baya a gaban yara, to ka sanar da shi kai tsaye cewa za ka nemi a raba muku lokacin aiki, shi safe kai yamma. Ya ji daga bakinka kafin ya ji daga ofis.

Sauran 13 ɗin ma kowa na buƙatar zama da kai shi kaɗai. Minti goma ya isa, mutum biyu a rana, mako ɗaya ka gama. Tambaya uku za ka yi: me ya fi wahalar da kai a aikin nan, me kake so ka koya, yaushe iƙamarka za ta ƙare kuma yaushe rabonka da gida. Ta ukun ba ƙarama ba ce. Wanda iƙamarsa ta ƙare banki kan rufe masa asusu, ba ya iya aika kuɗi, fita waje ma da fargaba yake yi. Hutun shekara kuma haƙƙi ne, kwana 21, ya koma 30 ga wanda ya cika shekara biyar a jere a wuri ɗaya. Ka rubuta ranakun nan a littafinka, ka riƙa tuna wa ofis wata biyu kafin lokaci. Ka riƙe littafi a hannu lokacin zaman, kuma cikin mako ka gyara ko da abu ɗaya daga abin da kowa ya faɗa, ko safar hannu ce ko fankar da ta mutu. Tambayar da ba gyara a bayanta gara ba a yi ta ba.

Ka lura kuma da mutum biyar da ba sa jin Hausa. In umarni da raha da tsegumi duk da Hausa ake yi, ɗan Bangladesh da ɗan Yaman baƙi ne a kicin ɗinsu, kuma duk lokacin da aka yi dariya za su ɗauka da su ake. Maganar aiki ka yi ta da Larabcin kicin da kowa ke ji, ka maimaita da Hausa in da buƙata. Cikin Hausawan ma ana lura da wanda kake ci da shi a tire ɗaya. In kullum mutanen garinku ne, ko adalci kake yi za a ce son kai ne.

Abin da ke kashe wannan zargi shi ne jadawali a bango. Kowane kicin yana da ayyukan da ba mai so: wankin manyan tukwane, yankan buhunan albasa, tashin ƙarfe biyun dare don karin kumallo, share ɗakin sanyi, ɗora kaya a mota da rana tsaka. Ka jera su, ka sa su zagaya mako-mako da sunan kowa, ka manna mako biyu gaba. Musaya tsakanin mutum biyu ta halatta in sun sanar da kai. Ka sa sunanka sau ɗaya a mako a wankin tukwane, ba kullum ba, don in ka koma cikakken ma'aikaci ba mai duba agogo da sito. Yayin tsara shi ka bi iyakokin doka: ba a wuce awa biyar a jere ba tare da hutun aƙalla rabin awa na salla da abinci ba, ba a ajiye mutum a wurin aiki fiye da awa 12 a rana, kuma hutun mako awa 24 ne cur. Makarar da kake gani, ka bincika ta kafin ka hukunta. Sau da yawa za ka tarar wanda ya tashi ƙarfe sha ɗayan dare shi aka sa a fitowar asuba, ko motar masauki ce ke zagaye biyu. In ka gyara waɗannan aka samu mai makara da gangan, ka yi masa magana shi kaɗai, sannan gargaɗi a rubuce, sannan ka miƙa wa ofis su bi ƙa'idarsu. Kyale shi zalunci ne ga masu zuwa a kan lokaci.

Kafin a kunna wuta, ku tsaya minti biyar, a tsaye, kada ya zama wa'azi. Yau plate nawa, otal nawa, mota ƙarfe nawa, wa ke kan me. A allo ka riƙa rubuta abu uku kullum: lokacin da mota ta fita, yawan abincin da aka dawo da shi, da kilo nawa aka zubar. Mutane suna son ganin aikinsu ya tafi gaba, kuma idan allo ya nuna kwana tara a jere mota ba ta makara ba, su da kansu ba za su so a karya ba. Yabo ya zama da suna da dalili: "Jiya wane ya lura kajin ba su gama narkewa ba, ya hana a zuba, ya cece mu." "Sannunku da ƙoƙari" na kullum ba ya shiga ko'ina. Gyara kuwa a gefe, a ranar, a kan aikin. Wuri ɗaya ne ba sassauci ko ana bin bashi: lafiyar abinci. Mai zafi ya zauna sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5, dafaffe kada ya wuce awa biyu a ajiye a fili, kowa takardar lafiyarsa ta baladiyya, wato hukumar gari, da ranta. Ka faɗa musu a fili cewa rigimarmu da ofis ba za ta faɗa kan cikin baƙon Allah ba. Ban ba ka shawarar "gwarzon wata" yanzu ba. Kyautar riyal 50 ga mutum ɗaya alhali goma sha huɗu na bin ɗaruruwa, izgili za ta zama.

Sai kai. Abin da ka kwatanta, gajiyar da barci ba ya kawarwa, ƙin fita aiki, jin kamar ba ka tsinana komai, ya yi kama da abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 a matsayin ƙonewar ƙarfi da matsin aiki mai tsawo ke jawowa. Alamominsa uku ne a wurinta: ƙarewar kuzari, nisantar aiki a zuci, da raguwar ƙwazo. Ba raunin imani ba ne, ba kuma lalaci ba. Sabon shugaba da ya taso daga cikin ma'aikata yakan faɗa ciki domin yana yin aiki biyu, tsohon aikinsa da sabo, don kada a ce ya yi girman kai. Ka zaɓi mataimaki a kowane zango, ka ba shi mabuɗin sito da ikon yanke ƙananan hukunci, ka gaya masa abu uku kawai da za a tashe ka a kansu: gas ko gobara, rauni, da abincin da ake shakkar lafiyarsa. Sauran su jira safiya. Zai yi kuskure a makon farko, ka jure. Barcinka ya kai awa bakwai ko da a kashi biyu ne, na dare da ƙailula. Shayi da gahawa su tsaya bayan La'asar. Ranar hutunka ka ɗauke ta cikakkiya, domin in kai ba ka huta ba, ba wanda zai yarda ya halatta ya huta.

Maiɗakinka gaskiya ta faɗa maka, kuma ita ce ta fara gani. Ka zaunar da ita ka gaya mata abin da ke faruwa, har da bashin da alkawarin, ka ce mako shida kake nema. Mace ta fi iya haƙuri da abin da ta san kansa da ƙarshensa. Ka ba ta izinin ta ce maka "ka shigo da kicin gida" duk ranar da ta ga alama. Idan bayan mako uku ko huɗu kana samun lokacin barci amma barcin ba ya zuwa, ko abinci ya fita ranka, ko baƙin ciki ya zauna maka ba dalili, ka ga likita. Inshorar lafiyar da ke kan kamfani don irin wannan take.

Karsashin shugaba kuma yana buƙatar abin da zai riƙa ci. Kai yanzu ba mai yaba maka, sama zargi, ƙasa shiru. Ka nemi wani da ke riƙe da mutane a wani wurin, ko a otal ko a shago, ku riƙa shan shayi sau biyu a wata kuna baje matsaloli. Kowane dare ka rubuta abu ɗaya da ya tafi daidai, domin gajiyayyen mutum abin da ya lalace kawai yake tunawa. Ka kuma raba abin da ke hannunka da wanda ba ya hannunka: jadawali, harshenka da gaskiyarka naka ne, asusun kamfani ba naka ba ne. Ciyar da baƙin Ɗakin Allah aiki ne mai lada, ka sabunta niyyarka a kai don kanka. Amma kada ka ɗauki wannan ladar ka toshe bakin mai neman haƙƙinsa da ita.

Bayan mako shida ka duba abu uku: an biya kashin farko, allo ya nuna sauyi, kana barci? In biyu sun samu, ka ci gaba, ka kuma fara tsara Azumi mai zuwa tun yanzu, da yarjejeniyar ƙarin awanni a rubuce kafin a ga wata. In mudir ya karya alkawarin da ya rubuta, to zama a muƙamin yana nufin kai ne fuskar ƙaryar wani, kuma komawa kan tukunya ba abin kunya ba ne. Sai dai ka yi lissafi tukuna. Kuɗin sallama a kan albashin ƙarshe ake lissafa su, rabin wata ga kowace shekara a biyar ɗin farko, wata guda ga kowace shekara bayan haka, don haka in sauka za ta rage albashinka, ta rage su ma. In kuma barin kamfanin kake tunani, wanda ya yi murabus tsakanin shekara biyar da goma kashi biyu cikin uku yake samu, wanda ya bari wa'adin kwantiraginsa ya cika kuwa yana karɓa cikakku. Tun gyaran dokar da ya fara aiki a Maris 2021, ma'aikacin kamfani na iya komawa wani kamfanin ta Qiwa idan wa'adinsa ya cika ba sai kafili, wato wanda ya ɗauke shi aiki, ya yarda ba. Akwai kuma damar tafiya ba izini idan an yi wata uku a jere ba albashi, amma naku jinkiri yake yi yana shigowa, don haka kada ka dogara da wannan. Ka duba ranar ƙarewar kwantiraginka da wa'adin sanarwar da ke ciki kafin ka furta wa kowa komai. Allah Ya warware maka, Ya ba ku haƙƙinku, a gaida iyali.